Tambayoyi da Amsoshi Kan Munanan Motocin da Aka Ƙera Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Masu sha'awar tsofaffin motoci sukan yi ta yabon irin su Mercedes 300 SL da Jaguar E-Type, har mai sauraro ya ɗauka cewa duk abin da masana'antun Turai da Amurka suka fitar a wancan zamani abin kallo ne. Alhali kuwa a cikin shekarun da suka biyo bayan 1945 an ƙera motocin da ido ba ya marmarin sake gani, an kuma ƙera waɗanda aibinsu ya faro tun daga takardar zane. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Waɗanne motoci ake nufi, kuma me ya ba su matsayin kayan tarihi?

Ana nufin motocin da aka ƙera daga ƙarshen yaƙin zuwa wajejen 1980. Tsufa ne babban abin da ke ba mota wannan matsayi a idon hukuma: a Jamus motar da ta cika shekara 30 tana iya samun lamba ta musamman mai harafin H, a Birtaniya kuwa wadda ta cika shekara 40 ana yafe mata harajin hawa titi. Dokar ba ta tambaya ko motar kyakkyawa ce, ko kuwa ta sa mai ita ya san hanyar gareji fiye da hanyar gidan surukansa. Don haka akwalar da aka yi ta yi wa dariya a 1975, yau rajistarta ɗaya da motar da sarakuna suka hau.

Shin muni da rashin ingancin ƙira abu ɗaya ne?

A'a, kuma raba su biyu shi ne mabuɗin fahimtar wannan batu. Muni hukuncin ido ne, yana kuma sauyawa da zamani da wuri. Rashin inganci kuwa abu ne da ake aunawa: injin da ke ɗaukar zafi, bodin da tsatsa ke cinyewa cikin shekara uku, tankin man da aka ɗora a inda bai kamata ba.

Akwai motocin da kyansu na ɗan maciji ne. NSU Ro 80, wadda ta fito a Jamus a 1967 kuma ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1968, tana da surar da ta riga zamaninta da kusan shekara goma sha biyar, amma injinta nau'in Wankel ne, wanda wani ƙarfe mai kusurwa uku ke juyawa a cikinsa a maimakon fistin, kuma bakunan wannan ƙarfe sukan cinye da wuri, har injuna da yawa suka gaza kafin su cika kilomita 50,000. Kuɗin sauya wa masu saye injuna kyauta ya durƙusar da kamfanin, wanda Volkswagen ya saya ya haɗe da Audi a 1969. Haka ma Triumph Stag ta Ingila, wadda Giovanni Michelotti ya zana aka fitar a 1970: kowa ya gan ta sai ya waiwaya, amma injinta mai silinda takwas yakan tafasa har kan injin ya lanƙwashe, shi ya sa masu ita da dama suka cire shi suka dasa na Rover ko na Ford.

Me ya sa Turai ta cika da ƙananan motoci masu kama da ƙwai a shekarun 1950?

Talauci ne ya haife su. Yaƙi ya rushe masana'antu, ƙarfe ya yi ƙaranci, aljihun jama'a ya bushe, sannan rikicin mashigin Suwez na 1956 ya sa aka koma rabon fetur da ƙa'ida a Birtaniya. Magidancin da ke zuwa aiki a kan babur cikin ruwan sama da ƙanƙara bai damu da kyan mota ba, rufi yake nema a kansa, kuma da babu gara ba daɗi.

Kamfanin Messerschmitt, wanda aka hana shi ƙera jiragen sama bayan yaƙin, ya juya ga wata mota mai taya uku da injiniya Fritz Fend ya zana. A cikin samfurin KR200 na 1955 fasinja a bayan direba yake zama kamar goyon babur, kuma rufin roba mai kama da na jirgin yaƙi ake ɗagawa gefe a shiga. Isetta kuwa asalinta daga Italiya ne, daga kamfanin Iso da ya saba ƙera firji, kafin BMW ya sayi lasisinta ya ƙera sama da 160,000 tsakanin 1955 da 1962. Ƙofarta ɗaya ce tak, kuma ita ce dukan fuskar motar: idan aka ja marfin, sitiyari da allon mitoci sukan biyo ƙofar waje, mutum ya shiga yana tsaye, ya juya, ya zauna, sannan ya jawo ƙofar da sitiyarin zuwa ƙirjinsa. Idan aka yi karo ta gaba ƙofar ta maƙale, mafita ita ce rufin tamfal da ke sama, wanda dama don haka aka yi shi. Tsakanin gwiwar direba da motar da ke gabansa babu komai sai wannan ƙofa.

A ganina waɗannan motoci sun cancanci uzuri, domin ba su yaudari kowa ba, kuma kuɗin da Isetta ta kawo yana cikin abin da ya riƙe BMW a shekarun da ya kusa rufewa. Zamaninsu ya fara gushewa ne da fitowar Mini ta Alec Issigonis a 1959, wadda ta nuna cewa ana iya ɗaukar mutum huɗu a kan taya huɗu ba tare da farashin ya yi nisa ba.

Gaskiya ne cewa da kwali aka yi Trabant?

Ba kwali ba ne, ko da yake haka mutanen Jamus ta Gabas suke zolayarta. An yi fatar jikinta da wani haɗi mai suna Duroplast, wato tarkacen auduga da ake kawowa daga Tarayyar Sobiyet, a gauraya da wani irin ƙaro na sinadari, a matse da zafi har ya taurare, saboda ƙasar ba ta da isasshen farantin ƙarfe. Wannan fata ba ta tsatsa, amma ƙashin ƙarfen da aka manna ta a kai yana yi, kuma da aka zo zubar da motocin bayan haɗewar Jamus sai aka tarar ba ta ruɓewa, ba ta kuma narkuwa a sake amfani da ita.

An ƙera Trabant a garin Zwickau daga 1957 zuwa 1991, adadinta ya haura miliyan 3, kuma samfurin 601 da ya fito a 1964 ya ci gaba da fitowa kusan yadda yake har 1990. Laifin wannan daskarewa ba na injiniyoyin ba ne, domin sun zana sababbin samfura a shekarun 1960 da 1970, shugabannin jam'iyyar da ke mulki suka hana kuɗin ƙera su. Tun da babu wata gasa, babu abin da ya tilasta gyara. Mutum yakan rubuta sunansa ya jira shekara goma ko fiye kafin layi ya zo kansa, abin da ya sa tsohuwar Trabant ta fi sabuwa tsada, tun da ita a yau za a ba ka makullinta.

Yaya tuƙa ta yake?

Duk wanda ya taɓa haɗa fetur da baƙin mai don ƙaramin janareta ko tsohon babur ya san rabin labarin. Injinta mai silinda biyu ne, mai ƙarfin doki 26, irin wanda ke ƙona man da fetur tare. Idan aka je gidan mai, bonet ake buɗewa, domin tankin yana can a saman injin, daga nan fetur ke gangarowa da kansa zuwa kafireta ba tare da famfo ba. Yawancinsu ba su da mitar nuna yawan mai, sai dai direba ya kwance murfin tankin ya tsoma wani ɗan sanda mai zane-zane ya duba inda ya jiƙe. A ƙarƙashin allon mitoci akwai makunnin mai irin na babur, mai buɗewa da rufewa da ajiya, wanda direba ke lalubawa da hannu idan injin ya fara shaƙewa a tsakiyar hanya. Gudunta bai wuce kilomita 100 da 'yan kai a awa ba, kuma shuɗin hayaƙi ke bin ta duk inda ta nufa. Wannan hayaƙi ne ya turnuƙe titunan Balin ta Yamma a watan Nuwamba na 1989, lokacin da aka buɗe katangar da ta raba birnin gida biyu, dubban mutanen Gabas suka kwararo a cikinta.

Ta yaya babban kamfani kamar Ford ya yi asara a kan Edsel?

Labarin Edsel shi ne kishiyar na Trabant, domin nan kuɗi ne ya yi yawa. Ford ya kashe kimanin dala miliyan 250 wajen shirya wannan sabon suna, ya yi watanni yana tallar motar ba tare da ya nuna ta ba, har lulluɓe ta ake yi idan za a kai wa dillalai, don a ƙara wa jama'a ɗoki. Da aka yaye mayafin ranar 4 ga Satumba, 1957, mutane suka yi cincirindo suka gani, sai suka tarar da mota irin wadda suka saba, illa dai an liƙa mata wani dogon baki a tsaye a tsakiyar fuska, wanda suka kamanta da abin da ake rataya wa dokin karusa a wuya. Fankan-fankan dai ba shi ne kilishi ba.

Sunan ma bai taimaka ba. An gwada dubban sunaye, har an nemi shawarar marubuciyar waƙa Marianne Moore, daga ƙarshe aka koma ga sunan Edsel, ɗan Henry Ford wanda ya rasu a 1943, duk da cewa iyalinsa ba su so ba. A wasu samfuran an ɗora maɓallan sauya giya a tsakiyar sitiyari, daidai inda hannun direba ya saba zuwa neman oda, kuma na'urar lantarkin da ke aikin takan lalace. Tun da a layukan haɗa Ford da Mercury ake cusa ta, motoci da yawa sun isa wurin dillalai da aikin da bai kammalu ba. Bugu da ƙari, ta fito ne daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya shiga matsi a 1957 da 1958, jama'a suka karkata ga ƙananan motoci. An yi fatan sayar da 200,000 a shekarar farko, amma duk abin da aka ƙera kafin a sanar da dakatar da ita a watan Nuwamba na 1959 bai kai 120,000 ba.

Akwai waɗanda kuskuren ƙirarsu ya taɓa rayukan mutane?

Akwai, kuma nan ne zancen ya daina zama abin dariya. Chevrolet Corvair, wadda General Motors ya fitar a samfurin 1960, injinta a baya yake, don haka nauyinta ya rinjaya can, sannan tsarin da ke riƙe tayoyin baya yakan sa tayar waje ta lanƙwashe ƙarƙashin motar idan aka sha kwana da gudu. Akwai wani sandan ƙarfe da zai rage wannan matsala, aka cire shi daga tsarin don rage kuɗi, aka maye gurbinsa da umarnin cewa awon iskar tayoyin gaba ya zama 15, na baya kuma 26. Duk wanda ya san yadda mai faci ke aiki ya san makomar irin wannan umarni: iska ɗaya zai ɗura wa dukan tayoyin huɗu, mai motar ma bai san da bambancin ba.

Lauya Ralph Nader ya buɗe littafinsa mai suna Unsafe at Any Speed, na 1965, da babi a kan wannan mota. General Motors ya sa 'yan leƙen asiri su bi diddigin rayuwarsa, asirin ya tonu, har shugaban kamfanin James Roche ya ba da haƙuri a gaban kwamitin majalisar dattawa a watan Maris na 1966, kuma a wannan shekarar aka kafa dokar tarayya kan ingancin motoci. Adalci ya wajabta a ƙara da cewa an riga an sauya tsarin tayoyin baya gaba ɗaya a samfurin 1965, kuma binciken hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka na 1972 ya ce tsofaffin samfuran ba su fi takwarorinsu na lokacin saurin ƙwacewa ba. Amma kafin nan an daina ƙera motar tun 1969.

Ford Pinto ta 1971 kuwa sauri ne ya haifi nawa. Lee Iacocca, ɗaya daga cikin shugabannin Ford, ya gindaya cewa kada farashinta ya wuce dala 2,000, aka kuma kammala ta cikin kusan wata 25, alhali a al'ada aikin yakan ci fiye da wata 40. Tankin mai ya kasance tsakanin gatarin baya da bamba, inda bugu daga baya zai iya tura shi kan kusoshi ya fashe. A 1978 masu taimaka wa alƙali a wata kotun Kalifoniya suka yanke wa Ford tarar dala miliyan 125 kan wani yaro da ya ƙone a irin wannan haɗari, alƙali ya rage ta zuwa miliyan 3.5, kuma a shekarar kamfanin ya kira motoci miliyan 1.5 don gyara. Nazarin da aka yi daga baya ya nuna cewa yawan mace-mace a Pinto bai zarce na sauran ƙananan motocin zamaninta ba, sai dai abin da jama'a ba su yafe ba shi ne an san raunin tun a gwaji, kuma gyaran ba mai tsada ba ne.

Idan ƙwararru ne ke zana mota, ta ina munin ke shigowa?

Sau da yawa yana shigowa ne bayan mai zane ya ajiye alƙalaminsa. Harris Mann ya zana Austin Allegro a matsayin siririyar mota mai ƙasa-ƙasa, sai shugabannin British Leyland suka ce dole a sa mata wani dogon inji da kamfanin ke da shi, da kuma babbar na'urar ɗumama ɗaki ta Morris Marina. Aka ɗaga bonet, aka kumbura gefuna, motar da ta fito a 1973 ta zama kamar kwaɗon da ya sha iska. Sitiyarinta ma ba zagayayye ba ne, yana da kusurwa huɗu masu lanƙwasa, wai don a samar wa cinyar direba wuri, kuma bai daɗe ba aka cire shi. Surar bayanta ta yi kama da wadda za a ɗaga gaba ɗaya a zuba kaya, amma aka ba ta ƙaramin but don kada ta yi gasa da 'yar'uwarta Maxi, shekara ɗaya kacal kafin Volkswagen Golf ta fito da irin wannan ƙofa ta mamaye kasuwar Turai. Yajin aikin da ya addabi masana'antar Longbridge ya ƙarasa abin da ya rage na inganci, kuma a 1975 gwamnatin Birtaniya ta karɓe kamfanin don kada ya rushe.

AMC Pacer ta 1975, ta kamfanin American Motors na Amurka, gyaran gangar Auzinawa ce daga farko har ƙarshe. An zana ta gajeriya mai faɗin manyan motoci, kusan mita biyu, da gilashi fiye da kashi ɗaya cikin uku na jikinta, bisa tsammanin za a sayo ƙaramin injin Wankel daga General Motors. Da wancan kamfani ya fasa ƙera injin, sai aka cusa mata tsohon inji mai silinda shida, ta yi nauyi, ta zama mai shan mai a daidai lokacin da ake kuka da tsadar fetur, yawan gilashin kuma ya mayar da cikinta tanda a lokacin zafi. An tsawaita ƙofar dama da santimita 10 don masu shiga baya su shiga daga gefen titi, amma a waɗanda aka mayar wa sitiyari dama don kasuwar Birtaniya, doguwar ƙofar sai ta koma ɓangaren da motoci ke wucewa.

Me ya sa aka yi mota mai taya uku kamar Reliant Robin?

Doka ce ta zana ta. A Birtaniya a wancan lokaci abin hawa mai taya uku da bai wuce wani nauyi ba ana biya masa harajin babur, ana kuma tuƙa shi da lasisin babur, don haka kamfanin Reliant na garin Tamworth ya fitar da Robin a 1973 da bodi mara nauyi na zaren gilashi. Taya ɗaya a gaba, biyu a baya, tsari ɗaya da na A Daidaita Sahu, kuma mai karatun da ya taɓa zama a ciki direba ya sha kwana da gudu ya san inda raunin yake.

To me ya sa Volkswagen Beetle da Citroën 2CV suka yi farin jini, alhali su ma an ce munana ne?

Domin sun yi aikin da aka ƙera su dominsa. Masana'antun Birtaniya sun duba Beetle bayan yaƙi suka ce ba ta da kyau kuma ta cika ƙara, Ford ma ya ƙi karɓar masana'antar da ke ƙera ta a garin Wolfsburg na Jamus a 1948, amma motar ta ci gaba da fitowa har 2003 a Meziko, adadinta ya haura miliyan 21. Ita kuwa 2CV, da aka nuna ta a baje kolin Faris na 1948 'yan jarida sun yi mata ba'a, suna kiranta laima mai taya huɗu. Umarnin da Pierre Boulanger, shugaban Citroën, ya bai wa injiniyoyinsa shi ne ta ɗauki manoma da buhun dankali, ta kuma ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. Ta cika wannan sharaɗi da inji mai ƙarfin doki 9 kacal, kuma sai a 1990 aka daina ƙera ta. Idan mota ta yi shekara ashirin tana tashi kowace safiya, ido yakan saba da surarta har ya fara ganin kyanta.

Waɗannan motoci sun taɓa zuwa ƙasashenmu?

Yawancin waɗanda aka ambata kasuwarsu ta tsaya ne a Turai da Amurka. Beetle ce ta zama 'yar gida, tun da an haɗa ta a Legas daga 1975, kuma injinta da iska ke sanyayawa, mara lagireto, ya dace da ƙasar zafi. A wannan shekarar ce kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, inda Fijo 504 ta zama motar gwamnati da ta haya, saboda tsayinta daga ƙasa da juriyarta a kan gargada da kuma sauƙin samun kayan gyaranta a kowane gari. Komawar Najeriya tuƙi a hannun dama a watan Afrilu na 1972 ta ƙara rage wa motocin Ingila masu sitiyari a dama kasuwa. Ma'aunin direban Kano ko Maraɗi bai taɓa zama surar fuskar mota ba: yana tambaya ne ko bakaniken bakin tasha zai iya kwance ta ya mayar.

Aibi ɗaya ne ya biyo mu ta bayan gida, wato tsatsa. Gishirin da ake watsawa a titunan Turai don narkar da ƙanƙara shi ne ya fallasa raunin ƙarfen Renault Dauphine da Alfasud da Lancia Beta, har Lancia ya koma sayen motocinsa daga hannun masu su a Birtaniya a 1980. Busasshiyar iskar Arewa ba ta yin wannan ɓarna, amma motocin Kwatano da suka sha gishirin can sukan iso da ita a ɓoye ƙarƙashin sabon fenti, shi ya sa mai wayo yake durƙusawa ya leƙa ƙasan mota kafin ya yi ciniki.

Suna da wata daraja a kasuwa yanzu?

Wasu suna da ita, kuma dalilin shi ne ƙaranci. Kyawawan motoci an adana su a gareji, munanan kuwa an yi ta jefa su a injin niƙa ƙarfe ba tare da tausayi ba, har waɗanda suka tsira suka zama abin nema. A Ingila ana yin bikin shekara-shekara mai suna Festival of the Unexceptional, inda Allegro da Marina ke shiga gasa a goge tas, a Balin kuwa masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi su tuƙa Trabant a jere cikin gari, gidan tarihi na August Horch da ke Zwickau kuma yana nuna yadda aka yi ta. Allegro ko Trabant mai lafiya har yanzu ba ta fi ƙarfin mai matsakaicin hali a can ba. Ƙananan nan masu kama da ƙwai su ne farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. Peel P50, wadda aka ƙera a tsibirin Man tsakanin 1962 da 1965, kujerarta ɗaya, fitilarta ɗaya, ƙofarta ɗaya, ba ta da giyar ribas, sai wani mariƙi a baya da direba ke fitowa ya kama ya juya ta da hannu. Kimanin guda 50 aka yi, kuma a 2016 an sayar da ɗaya a gwanjo a jihar Filorida kan dala 176,000.